Kafin a Ba da Kafin Alƙalami: Tarihin Wurin Biki a Bakin Tafkin Kainji

A jerin hidimomin aure na wannan zamani an sami ƙarin wata hidima da kakanninmu ba su san ta ba, wato zuwa ganin hol. Bayan an sa rana, kafin a buga kati, sai a tashi mutum biyu ko uku, yawanci yayar amarya da wani daga cikin abokan ango, su shiga mota su nufi Yelwa ko Kontagora, masu ƙarfi har Birnin Kebbi. A buɗe musu ɗakin taro, su zagaya, su ƙirga kujeru da ido, su tambayi kuɗi. Wasu ma ba sa zuwa. Hotuna ake turo musu ta WhatsApp, su tura kafin alƙalami ta waya, an kama wuri ke nan.

Da za ka ce wa wata dattijuwa a Warra ko Ngaski za a je duba inda za a yi biki, abin da za ta fara tambaya shi ne ko gidan uban yarinyar ya rushe ne. Kuma tana da gaskiya. Wurin biki bai zama abin da ake nema, a duba, a yi cinikinsa ba sai da ya fita daga gida. A nan bakin ruwa kuwa labarin ya fi haka tsawo, domin shi kansa gidan an taɓa ɗauke shi daga inda yake, aka zuba mutane cikin wani da aka zana musu a takarda. A ganina, wanda ya san wannan tarihi, in ya shiga hol dubawa, ba kujeru zai fara ƙirgawa ba.

A da, bikin aure wuri uku yake ci, kuma duka ukun na masu bikin ne. Zaure da ƙofar gida na maza ne: nan ake shimfiɗa tabarmi, waliyyai su zauna, liman ya ɗaura aure, a raba goro. Tsakar gida ta mata ce: nan ake kamu, a sa lalle, a yi wankan amarya, a kafa murhu a ɗora manyan tukwane. Dandali kuma na samari da 'yanmata, inda kalangu ke kwana. In baƙi sun yi yawa, gidan maƙwabci ya zama masauki. Littafin Baba of Karo, wanda Mary Smith ta rubuta daga bakin wata dattijuwar ƙasar Zazzau aka buga a 1954, cike yake da labarin aure iri-iri, amma duk cikin gidaje da ƙofofinsu ake yin su. Ba wai kyauta ba ce. Ana biya, sai dai ba da kuɗin haya ba. Ita kanta kalmar biki, a bakin matan da, tana ɗaukar ma'anar gudummawar da mace ke kai wa 'yar'uwarta ranar sha'aninta, wadda za a rama mata, sau da yawa da ninki, in nata ya zo. Tukunya da tabarma da ɗaki da hannun girki duk bashi ne da ake biya da irinsa.

Ƙasar Yauri kuwa ba ta Hausawa kaɗai ba ce. Akwai Gungawa, masu harshen Reshe, waɗanda suka zauna a gungunan tsakiyar kogin Neja, wanda mu muke kira Kwara, suna noman albasa da su. Akwai Kambari, Shangawa, Lopawa da Dukkawa, ga Sarkawa masunta da suka gangaro daga Kabi. Kowa da tsarin aurensa. A wurin Gungawa filin kokawa ne saurayi ke nuna kansa. A wurin Dukkawa akwai gormu, wato saurayi ya yi shekaru yana noma a gonar surukansa kafin a ba shi mata. Mutumin da ya yi damina da damina yana shiga gida yana fita, ya san inda randa take, ya san lungun da ruwa ke kwanciya in an yi sama, wane duba wuri kuma ya rage masa?

Mutanen nan sun saba da ƙaura. Fadar Yauri kanta ta taɓa tashi daga Bin Yauri zuwa gungun Ikum a tsakiyar ƙarni na 19, kafin Sarki Abdullahi Abarshi ya zaunar da ita a Yelwa a 1888. Amma a ƙaurar da, mai tashi shi ke zaɓen wuri. Ya taka ƙasar da ƙafarsa, ya duba tudu da kwari, ya kwaɓa laka ya gina.

Sai ga dam. An fara aikin madatsar Kainji a 1964, aka gama a 1968, Janar Yakubu Gowon ya buɗe ta a farkon 1969. Ruwan da aka tare ya koma da baya ya zama tafki mai tsawon fiye da kilomita 130. Ya haɗiye tsohuwar Bussa, ya shanye mafi yawan gungun Foge, ya rufe gungu da fadama masu yawa. Kimanin mutum 44,000 aka tayar, galibinsu daga masarautun Yauri da Borgu, a zamanin Sarkin Yauri Muhammadu Tukur. Garuruwa da tungaye fiye da 200 aka tattara a sababbin matsugunai da ba su kai 150 ba.

Tsarin farko shi ne a biya diyya, kowa ya gina nasa. Da hukuma ta ga ginin ba ya tafiya da saurin da ruwa zai zo, sai ta sake shawara ta ce ita za ta gina. Aka ba wani Bature mai zanen gine-gine, Robin Atkinson, aikin tsara gidajen. A yi masa adalci: bai kwaso gidajen Ingila ya dasa a bakin Kwara ba. Ya dubi yadda mutanen ke zama, ya yi ƙoƙarin kwaikwayon fasalin gidajensu, ɗakuna a kewaye da fili, har aikin ya yi suna a tsakanin masu sana'arsa. Amma kayan ginin bulo ne na siminti da yashi, rufin kuma na asbestos.

A nan ne gizo ya yi saƙa. Ɗakin laka mai jinka yana da sanyi da bazara, yana riƙe ɗumi da hunturu, in an hura wuta a ciki hayaƙi ya bi ta ciyawa ya fita. Bulo da asbestos ba su san wannan ba. In bangon laka ya tsage, mai gida ya kwaɓa ƙasa ya yi yaɓe. In na bulo ya tsage sai siminti, siminti kuwa sai kuɗi. Abin da ya fi shafar batunmu shi ne wannan: gidan gargajiya tare yake girma da iyali. Ɗa ya isa aure, a ja darni baya, dangi su taru a buga tubali, kafin ranar tarewa ɗakin amarya ya tsaya. Tsoho ya rasu, ɗakinsa ya zube, wurin ya koma fili, tsakar gida ta ƙara faɗi. Gidan da aka zana bisa adadin mutanen da aka tarar a lokacin ƙidaya ya tsayar da iyali cak a wannan lokaci. Bai san da auren baɗi ba. Shi ya sa ba a daɗe ba ɗakunan laka suka fara tsirowa a gefen na bulo, wasu iyalai kuma, musamman cikin Kambari, suka bar gidajen suka koma kusa da gonakinsu.

Mu masu rubuta manhajar kwamfuta mun san wannan ciwo. Za ka zauna da mutane ka tambaye su abin da suke so, ka rubuta, ka gina daidai da abin da suka faɗa. Ranar da suka fara aiki da shi sai abin da ba su faɗa ba ya taso, ba don sun ɓoye ba, sai don su ma ba su san suna yin sa ba, jiki ne ya saba. Babu matar da za ta tuna ta ce wa mai zane a bar mata inda za a kafa murhu goma sau ɗaya a shekara. A sana'armu maganin abin shi ne a ba mai amfani ya gwada kafin a ce an gama. To, gari guda ba ya gwaduwa haka, ga ruwa na tafe.

Haɗa tungaye wuri ɗaya ya kawo wani sauyin da ba a zana shi a takarda ba. A gungu kusan kowa dangi ne. A sabon gari maƙwabcinka na iya zama wanda ba ku haɗa harshe ba sai Hausa. Ga hanyar mota, ga kasuwa, ga makaranta. Frank Salamone, wani Ba'amurke mai nazarin al'adu da ya yi aiki a Yauri a shekarun 1970, ya rubuta yadda Gungawa ke rikiɗewa suna zama Hausawa, kuma tashi daga gungu ya ƙara wa abin sauri. Wanda ya ɗauki Musulunci da Hausa ya ɗauki tsarin aurensu: sadaki, lefe, ɗaurin aure, yinin biki. Daga nan duk abin da ya sauya a bikin Kano da Sakkwato, ko ba daɗe ko ba jima, zai gangaro bakin ruwa.

A can birane kuwa abubuwa da dama ne suka taru suka kori biki daga gida. Filaye suka tsuke, tsakar gida ta koma ɗakunan haya, mota ta cinye ƙofar gida. Kuɗin man fetur na shekarun 1970 ya kawo fati. Ƙungiyar Izala, da aka kafa a Jos a 1978, ta yi ta wa'azi a kan kiɗa da cakuɗuwar maza da mata a biki, ta ɗaga darajar walima. Da jihohin Arewa suka ƙaddamar da Shari'a, ciki har da Kebbi a 2000, kiɗan titi da dare ya zama abin da ake sa wa ido. Abin dariya a nan shi ne wa'azi da zamani, da suke hannun riga, gefe ɗaya suka tura biki, wato cikin katanga. Mai walima yana son wuri mai kujeru da lasifika. Mai dina yana son ƙofar da za a rufe. Finafinan Hausa, daga baya kuma Facebook da Instagram, suka nuna wa kowa yadda ake so wurin ya kasance.

A garuruwa irin Warra abin mataki-mataki ya zo. Kaya aka fara haya kafin wuri: rumfa, kujerun roba, janareta, a kafa su a ƙofar gida. Sai aron filin makarantar firamare ranar Asabar. Sai ɗakin taron hukuma. Sai hol. Har yau ma mafi yawan hidimar aure a gida ake yin ta, hol ɗin yini ɗaya ko dare ɗaya yake samu. Amma wannan yini ɗayan shi ke tara mutane mafi yawa a wuri mafi ƙunci, a ginin da babu wanda ya san shi cikinsu.

Hol dai ɗan'uwan gidan bulo ne. Wani ne ya zana shi don bikin kowa, ba don naku ba. Bambancin kawai, mu an ba mu damar da kakanninmu ba su samu yadda ya kamata ba: mu shiga, mu gwada, in bai yi ba mu ce a'a. Tambayoyin da tsakar gida ke amsawa da kanta ba tare da an yi su ba, yanzu sai an buɗe baki an yi su. In Magariba ta yi, ina gwaggonni za su yi alwala, ina za su shimfiɗa sallaya? Banɗaki nawa ne, akwai ruwa a ciki ko sai an sayo? Abincin da aka dafa a gida ana barin a shigo da shi, ta wace ƙofa za a sauke kuloli? Man janareta yana cikin kuɗin ko daban? A ce a kunna shi yanzu a ji ƙararsa, a ga ko yana ɗaukar fankoki da lasifika lokaci guda. Wurin da za a yi taro da ƙarfe 3 na rana a watan Afrilu, kada a duba shi da hantsi a watan Disamba a ce yana da sanyi.

Hoto kuwa a yi hattara da shi. Kyamarar waya ta yanzu tana da gilashi mai faɗin gani, wanda in aka tsaya a kusurwa aka ɗauka, yake ture bango ya yi nisa, ɗakin mutum 150 ya yi kamar filin Idi. Ba ƙarya aka yi maka ba, haka na'urar ke aiki. Haka nan adadin da mai hol zai faɗa, yawanci na kujeru ne a jere. Da zarar an saka tebura, an ware wa ango da amarya wurinsu, an bar filin liƙi, lissafi ya canza.

Sai ƙofa, wadda ita ce aka fi mantawa. Gidan gargajiya ƙofa ɗaya gare shi, gaskiya ne, amma sama a buɗe take, darni kuma turawa ɗaya ya faɗi. Hol ba haka yake ba. Ranar 15 ga Agusta 2009, a Jahra ta ƙasar Kuwait, an cinna wa tantin mata wuta ana tsakiyar biki, mata da yara 57 suka rasu, kuma tantin mafita ɗaya yake da ita. Ranar 26 ga Satumba 2023, a Hamdaniya kusa da Mosul a Iraƙi, wasan wuta da aka kunna cikin hol ya kama adon silin, fiye da mutum 100 suka mutu. A wurarenmu sau da yawa akwai ƙofa ta biyu, amma sai ka tarar an garƙama mata kwaɗo don gudun 'yan gayyar soɗi. Mai duba wuri ya je har gabanta ya taɓa ta, ya ga ciki take buɗewa ko waje, ya tambayi a hannun wa mabuɗin zai kasance a daren.

Duk waɗannan, Bakano ma zai iya tambayarsu. Akwai wadda ta zama tamu mu kaɗai, ita ce ta ruwa.

Tafkin Kainji cika biyu yake samu a shekara. Farin ruwa yana zuwa ƙarshen damina, daga ruwan saman ƙasashenmu na kusa, ɗauke da laka. Baƙin ruwa yana isowa cikin hunturu, ya taso tun daga tsaunukan Gini, ya yi watanni yana ratsa fadamun Mali. Daga bazara kuma tafkin ya yi ta ja da baya har tsakiyar damina. Tsakanin cikarsa da janyewarsa akwai tazarar kimanin mita 10 a tsaye, wadda a gaɓa mai kwance takan zama fili mai nisan gaske, har ana nomansa. Ma'ana, filin bakin ruwa da aka gani a bushe a watan Mayu, aka ce nan za a kafa rumfuna don hoto ya yi kyau, yana iya zama wurin jefa taru a watan Nuwamba. Inda jirgi ke tsayawa ma yana matsawa da ruwan.

Kuma jirgin nan cikin lissafin biki yake. Dam ya raba dangi gaɓa biyu, wasu a gabas wajen Ngaski da Yauri, wasu a yamma wajen Borgu. Abin da a da tsallaken kogi ne, yanzu tafiya ce a kan ruwa mai faɗi, mai igiya in iska ta taso, ga kututturan itatuwan da ruwa ya rufe tun 1968 suna nan a ƙasa. Mutanen Warra ba sa buƙatar a tuna musu ranar Laraba 26 ga Mayu 2021, lokacin da jirgin da ya taso daga ɓangaren jihar Neja ɗauke da fiye da mutum 150 ya nutse kafin ya iso, aka ceto kimanin 20 kacal. Shekara biyu bayan haka, ranar 12 ga Yuni 2023, a yankin Patigi na jihar Kwara, a kan wannan kogi namu, jirgi ya kife da 'yan biki suna komawa gida cikin dare, fiye da 100 suka rasu. Allah Ya jiƙansu. Hukumar kula da hanyoyin ruwa ta ƙasa, NIWA, ta hana tafiyar dare a kan ruwa, amma wanda aka tashi biki bai da wurin kwana, da doka ba doka jirgi zai nema. Hanyar mota ma ba ta zama mafita ba, domin tun abin da ya faru a kwalejin tarayya ta Birnin Yauri ranar 17 ga Yuni 2021, babu mai hankalin da ke ɗaukar tafiyar dare a wannan yanki da wasa.

Tsohon tsari ya riga ya magance wannan ba tare da ya kira shi matsala ba. Biki kwanaki yake yi, baƙo in ya zo ya zo ke nan, ya kwana a ɗakin maƙwabci, ya koma da safe rana na haskawa. Hol kuwa awa yake sayarwa. Ƙarfe 10 na yi a kashe janareta, a ja ƙofa, mutum 300 su tsinci kansu a bakin titi lokaci guda, cikinsu har da tsofaffi da masu goyo da suka tsallako ruwa da safe. Mai hol bai yi laifi ba, abin da aka saya ke nan ya bayar. Masaukin baƙi ba ya cikin takardarsa, kamar yadda ɗakin amaryar baɗi bai shiga zanen Atkinson ba.

Don haka duba wuri a ƙasar Yauri ba ya ƙarewa a bakin ƙofar hol. In yayar amarya da abokin ango sun fito, kafin su tura kafin alƙalami, akwai sauran zagaye. Su zauna da jerin baƙi su ware waɗanda za su zo ta ruwa, su san gidan da kowannensu zai kwana, in babu kuma a mayar da taron na rana. Sannan su gangara bakin ruwa su sami masu jirgi, su tambaye su inda ake tsayawa a watan da aka sa ranar, ƙarfe nawa jirgin ƙarshe ke tashi, mutum nawa yake ɗauka in ba a yi lodi ba, da kuma rigunan ruwa nawa ke cikinsa.